Rigar Aro: Raddi ga Masu Cewa Tunani Ne Ke Ƙera Duniya

Akwai wata magana da ta fara samun gindin zama a tsakanin matasanmu masu ilimin zamani, ana yaɗa ta a gajerun bidiyoyi na YouTube da TikTok, ana kuma tura ta daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan. Maganar ita ce wai kimiyya ta gama tabbatar da cewa duniyar nan da muke takawa hoto ce irin wanda ake kira hologiram, kuma wai tunanin ɗan Adam ne yake tsara ta, yana lanƙwasa ta yadda ya ga dama. Masu wannan da'awa ba su cika buɗe baki ba sai sun ambaci Einstein, sun kuma jefa kalmar kwantum sau biyu ko uku, domin mai sauraro ya ji nauyin yin tambaya. Abin takaici kuwa shi ne dabarar tana ci. Ɗalibin da zai yi wa boka dariya idan ya ce zai mayar masa da takarda kuɗi, shi ne zai gyaɗa kai idan aka faɗa masa irin wannan magana da Turanci mai santsi. Ni dai matsayina a fili yake. Da'awar ba ta da tushe, rigar kimiyyar da ta sanya ta aro ce, kuma majinyaci da talaka ne za su fara ɗanɗana kuɗarta.

Mafi yawan abin da ake maimaitawa a bidiyoyin nan daga littafi guda ya samo asali, wato The Holographic Universe, wanda wani marubuci Ba'amurke mai suna Michael Talbot ya wallafa a 1991, shekara guda kafin rasuwarsa. Talbot marubuci ne mai daɗin alƙalami, har littattafan ƙagaggun labarai ya rubuta, amma ba masanin fiziks ba ne. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tunanin manyan masana biyu, Karl Pribram mai binciken ƙwaƙwalwa da David Bohm masanin fiziks, ya ɗinke su wuri guda, sa'an nan ya rataya musu duk wani labarin al'ajabi da ya ci karo da shi, har da na Sathya Sai Baba na Indiya, wanda mabiyansa suke cewa yana fito da toka da zobba daga iska. To kafin mu duba ɗinkin, ya kamata mai karatu ya san mene ne hologiram ɗin kansa, domin da yawa daga masu ambatonsa ba za su iya bayyana shi ba.

Dennis Gabor, haifaffen ƙasar Hungari da ke aiki a Ingila, shi ne ya gano dabarar a 1947, yana cikin ƙoƙarin inganta na'urar hango ƙananan abubuwa mai aiki da ilaktiron, kuma a kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1971. Dabarar ba ta yi armashi ba sai bayan an ƙera hasken leza a 1960, inda Emmett Leith da Juris Upatnieks na Jami'ar Michigan suka nuna wa duniya hoton wani ɗan jirgin ƙasa na wasan yara mai tsawo da faɗi da zurfi a 1964. Yadda ake yi shi ne a raba hasken leza gida biyu. Kashi ɗaya ya daki abin da ake son ɗauka ya dawo kan faranti mai shan hoto, ɗaya kashin kuwa ya tafi kan farantin kai tsaye. A inda suka haɗu sai su yi karo, kamar yadda igiyoyin ruwa suke sarƙewa idan yara biyu suka jefa duwatsu a kududdufi, wannan zanen karon ne farantin yake riƙewa. Idan aka sake haska shi sai siffar abin ta bayyana kamar a taɓa. Gaskiya ne kuma cewa idan aka fasa farantin, kowane ɓallin zai nuna siffar, sai dai a dushe, kuma ta ƙunƙuntar kusurwa, kamar mai leƙen ɗaki ta kafar makulli.

Yanzu mai karatu ya duba da kyau, a ina tunani ya shigo cikin wannan aiki? Ana bukatar abu na zahiri da za a ɗauka, ana bukatar fitila da faranti, ana bukatar tebur wanda ba ya ko motsi, domin girgizar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta lalata hoton. Mai ɗaukar hoton ko yana murna ko yana baƙin ciki, abin da ke kan teburin ne zai fito. Akwai ɗan hologiram na tantabara a jikin waɗansu katunan banki. Duk wanda ya ga dama ya zauna ya ƙura masa ido daga safe har magariba yana ƙudurta shaho a zuciyarsa, tantabara zai tashi ya bari. Ashe ke nan ko da an sallama musu cewa duniya hologiram ce, ba a matsa ko taku ɗaya ba zuwa ga cewa tunani ne ke juya ta. Maganganu biyu ne mabambanta, an haɗa su ne da ƙarfin tsiya.

Shi Pribram, abin da ya dame shi tambaya ce ta gaske: a wane lungu na ƙwaƙwalwa ake ajiye abin da aka koya? Ya yi aiki tare da Karl Lashley, wanda ya shafe shekaru yana koya wa ɓeraye bin ruɗaɗɗiyar hanya, sa'an nan ya yanke wani sashe na ƙwaƙwalwarsu ya ga ko sun manta. Lashley bai sami wuri guda da ajiyar take ba, shi ya sa Pribram ya kawo shawarar cewa wataƙila ajiyar a bazu take kamar ta hologiram, ya kuma faɗaɗa bayanin a littafinsa Languages of the Brain na 1971. Hasashe ne mai mutunci a zamaninsa. Amma bincike bai tsaya nan ba. Tun a 1953 aka yi wa wani mai farfaɗiya, Henry Molaison, fiɗa aka cire masa mafi yawan sashen da ake kira hifokamfus a ɓangarorin biyu, ya farka ba ya iya riƙe sabon abu, haka ya rayu har 2008. Da a ce kowane yanki na ƙwaƙwalwa yana ɗauke da aikin dukkanta, da sauran sassan sun rufa masa asiri. A 2012 kuma masu bincike a ɗakin gwajin Susumu Tonegawa a Amurka suka ware takamaiman ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da suka riƙe wani tsoro, suka kunna su da haske, ɓeran ya daskare don fargaba. Ban da wannan ma, duk bayanin Pribram a kan yadda ƙwaƙwalwa take ɗaukar duniya ne. Kyamara tana ɗaukar hoton kasuwa, amma ba wanda ya taɓa cewa ita ta gina rumfunan.

Batun Bohm ya fi ban dariya. A littafinsa Wholeness and the Implicate Order na 1980 ya yi amfani da hologiram a matsayin misali, don ya nuna ra'ayinsa cewa akwai wani naɗaɗɗen tsari a ƙarƙashin abin da muke gani, wanda komai yake haɗe da komai a cikinsa. Ba a musun cewa mutumin yana da sha'awar falsafa, ya daɗe yana tattaunawa da Krishnamurti, ya kuma yi tunani a kan alaƙar hankali da jiki. Wannan duk falsafa ce, babu gwajin da ya tabbatar da ita. Amma aikin da aka fi sanin Bohm da shi a fiziks shi ne na 1952, inda ya tsara fassarar kwantum wadda a cikinta kowace ƙwaya tana da takamaiman wurin da take a kowane lokaci, ko an dube ta ko ba a dube ta ba. A duk fassarorin da ake da su, tasa tana cikin waɗanda suka fi nesanta kansu daga bukatar mai kallo. Wato mutumin da ya sha wahala don ya fitar da mai kallo daga lissafi, shi aka ɗauko aka tsayar a matsayin shaidar cewa kallo ne ke halitta. Wannan shi ne a kira mutum shaida a hana shi magana.

A nan ne za su ce, to ina labarin gwajin kafofi biyu, wanda ake cewa ilaktiron yana sauya hali da zarar an lura da shi? Gwajin gaskiya ne. Idan aka harba ƙananan ƙwayoyi ta kafofi biyu ba tare da an san wadda kowace ta bi ba, sai su yi zanen karo irin na igiyar ruwa a jikin allo. Idan kuwa akwai abin da ya nuna kafar da suka bi, sai zanen ya ɓace. Gaskiya ne kuma cewa manyan masana sun taɓa kawo hankalin ɗan Adam cikin zancen. John von Neumann ya buɗe ƙofar a 1932, Eugene Wigner ya fito fili da ita a 1961. Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne Wigner da kansa ya janye daga wannan ra'ayi daga baya, bayan aikin da Dieter Zeh ya fara a 1970 ya nuna cewa cuɗanya da muhalli kaɗai ta isa ta shafe zanen. Rikicin duka a kalmar “lura” yake. A bakin masanin fiziks, lura tana nufin duk wata taɓawa da ta bar alama, ko da ta ƙwayar haske ce ko ta iska. A 2004 masu bincike a Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya suka gwada wannan da dunƙulen kabon mai atam 70. Idan dunƙulen bai yi zafi sosai ba, zanen yana fita sarai. Da suka ƙara gasa shi da leza har ya fara zubar da ƙwayoyin haske a hanya, sai zanen ya riƙa dushewa gwargwadon zafin. Babu wanda ya kalli hasken da ya zuba, bangon na'urar ne ya shanye shi. Zafi ne ya yi aikin da ake jingina wa tunani.

Akwai ma shaida a nan nahiyarmu. A 1972 aka gano cewa a Oklo ta ƙasar Gabon, wata ma'adinar yuraniyom ta taɓa kunna kanta ta yi aiki irin na tashar nukiliya, kimanin shekaru biliyan 2 da suka wuce. Tsagewar atam aikin kwantum ne tsantsa, ga shi ya gudana bisa ƙa'idojin da muka sani a yau, a lokacin da babu mai ido ko ƙwaƙwalwa a bayan ƙasa. Tunanin wa ya tsara wannan?

Haka nan suke yi da gwajin Alain Aspect na 1982, wanda ya kai shi ga lambar Nobel a 2022 tare da John Clauser da Anton Zeilinger. Gwajin ya tabbatar da cewa ƙwayoyin haske biyu da suka fito daga tushe ɗaya suna ba da sakamako mai dacewa da juna ko da sun yi nisa, fiye da yadda tsohon lissafi zai iya bayyanawa. Abin al'ajabi ne ƙwarai, masana har yau suna gardama a kan ma'anarsa. Sai dai mai gwajin ba shi da ikon zaɓen sakamakon da zai fito, kuma ba a iya aika ko harafi ɗaya ta wannan hanya. Abin da ba ya ɗaukar saƙo, ta yaya zai ɗauki buri?

Adalci ya wajabta a faɗi cewa akwai wata ƙa'ida ta gaske a fiziks mai ɗauke da sunan hologiram, kuma da ita ake yawan rufe bakin mai gardama. A farkon shekarun 1970 Jacob Bekenstein da Stephen Hawking suka gano cewa yawan bayanin da baƙin rami na sararin samaniya zai iya ƙunsa yana bin faɗin fatarsa ne, maimakon girman cikinsa. Gerard 't Hooft a 1993 da Leonard Susskind a 1995 suka faɗaɗa wannan, suka ce wataƙila duk abin da ke cikin wani yanki na sarari ana iya rubuta bayaninsa a kan iyakar yankin. A 1997 Juan Maldacena ya kawo misali mai ƙarfi, inda lissafin wata irin samaniya mai ƙarfin jan nauyi ya zo daidai da lissafin wani tsari marar jan nauyi da ke shimfiɗe a bakin iyakarta. Mai karatu ya lura da shekarun. Littafin Talbot ya riga takardar 't Hooft fitowa da shekara biyu, saboda haka ba a kanta ya gina zancensa ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Daɗin daɗawa, a duk lissafin nan babu gurbin da aka ware wa hankali ko niyya. Ƙa'idar ba ta ce duniya ƙarya ce ba, cewa ta yi abu ɗaya yana iya samun bayani iri biyu, kamar yadda ake faɗin labari ɗaya da Hausa a kuma faɗe shi da Yarbanci. Sa'an nan samaniyar da Maldacena ya yi lissafi a kanta ba irin tamu ba ce, domin tamu, kamar yadda aka gano a 1998, faɗaɗarta ƙara sauri take yi. Da aka gina wata na'ura a Fermilab ta Amurka don neman wata 'yar girgiza da masanin nan Craig Hogan ya yi hasashen za a gani idan sarari yana da irin wannan siffa, sakamakon 2015 bai nuna ta ba. Wannan bai rushe ƙa'idar ba, tun da hasashen mutum ɗaya aka gwada, amma ya isa ya nuna nisan da ke tsakanin “ana bincike” da “an tabbatar”.

Ita kanta da'awar cewa tunani yana motsa abu an gwada ta, kuma masu sonta ne suka gwada. Robert Jahn, wanda ya taɓa zama shugaban tsangayar injiniya a Jami'ar Princeton, ya kafa ɗakin gwaji a 1979, inda ake zaunar da mutane gaban na'ura mai fitar da lambobi barkatai, a ce su karkatar da ita da niyya. An yi shekara 28 ana wannan har aka rufe wurin a 2007. Ɗan bambancin da suka ce sun gani ƙanƙane ne ainun, kuma da suka haɗa gwiwa da wasu ɗakunan gwaji biyu a Freiburg da Giessen na Jamus don a maimaita, rahoton da ya fito a 2000 ya nuna ba a sake samun sa ba, har a Princeton ɗin kanta. Ƙarfin da ya kasa karkatar da lamba a cikin ƙaramin akwati, shi ake ce mana yana juya taurari.

Ba na musun cewa zuciya tana taɓa jiki. Fargaba tana hana barci, baƙin ciki yana rage cin abinci, kyakkyawan zato yana sa mutum ya tashi ya nema. Amma wannan tasiri yana da iyaka, kuma an auna ta. A wani bincike da aka buga a 2011 a mujallar likitoci ta New England, an ba masu ciwon asma maganin shaƙa na gaske a wani lokaci, a wani lokacin kuma na bogi. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka auna iskar da huhunsu yake fitarwa, maganin gaske ya ƙara ta da kashi 20 cikin 100, na bogi kuwa kashi 7, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. Ma'ana majinyacin ya ji daɗi a ransa alhali hanyar numfashinsa tana nan a ƙuntace. Irin wannan jin daɗin ne yake sa mutum ya ajiye magani ya kwanta.

Wani abin kuma, ra'ayin nan da ake tallata shi a matsayin sabon ilimi tsohon haja ne. Malaman ilimin kalam sun san shi, suna kiran masu shi Sufasɗa'iyya. Najmuddin an-Nasafi, wanda ya rasu a 1142, da raddinsu ya buɗe ɗan littafinsa na aƙida, shi kuma Taftazani a sharhinsa ya kasa su gida uku, ciki har da Indiyya, masu cewa haƙiƙanin kowane abu yana bin abin da mutum ya ƙudurta ne. Malaman sun ga gardama da irin waɗannan ɓata lokaci ne, suka ce wuta ce kaɗai za ta gamsar da su. Mu ba ma neman a ƙona kowa, bakin rishon da ɗalibi yake dafa taliya a kai ya isa hujja. Kafin su ma, Ibnul Haisam ya zauna a Alƙahira a ƙarni na 11 ya rusa tsohon zaton cewa ido ne ke fitar da haske ya kamo abin gani. Ya kafa hujja da cewa mai kallon rana idonsa yana ciwo, wato daga waje abin yake shigowa. Bayan shekara dubu, ga mu ana so a mayar da mu inda ya tarar da mutane.

Illar kuwa ba ta tsaya a aji ba. A 2006 Rhonda Byrne ta fitar da fim da littafi mai suna The Secret, aka sayar da miliyoyin kwafi, kuma jigonsa shi ne tunanin mutum yana jawo masa irin abin da yake tunani, an kuma jiƙa shi da kalmomin kwantum. Zancen yana da zaƙi a kunnen mai lafiya da mai kuɗi, domin yana gaya musu su suka ƙera sa'arsu. A juya shi a ga bayansa. Idan tunani ne ke tsara abin da ya sami mutum, to mutanen Maiduguri da ruwa ya ci gidajensu da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, su suka jawo wa kansu ke nan, ba sai an tambayi yadda aka kula da madatsar ba. Ɗaliban da suka zauna a gida wata 8 a yajin aikin malaman jami'a na 2022, sai a ce musu su gyara tunaninsu. Duk mai riƙe da amanar jama'a da ba ya son a bincike shi, ba zai sami aƙidar da ta fi wannan yi masa daɗi ba. Mafi muni shi ne abin da ya shafi jini. Saurayi da budurwa masu rukunin AS idan suka yi aure, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila, kuma wannan lissafi bai san soyayya ko ƙarfin zuciya ba. Wanda ya gaya musu su ƙudurta lafiya kawai su rufe ido, ba shi ne zai kwana a asibiti da yaron ba.

Masu ƙoƙarin yi wa wannan ra'ayi wankan addini su ma su yi hattara. Musulmi da Kirista duk sun san addu'a roƙo ce, mai roƙo kuwa ya yarda akwai Wanda yake bayarwa ko ya hana bisa hikimarsa. Aƙidar hologiram ta kawar da Mai bayarwa, ta ɗora mutum a gurbin, ta mayar da duniya baiwar da ke jiran umarninsa.

Tun da wannan mujalla ta marubuta ce, kada wani ya ɗauka ana so a ɗaure wa mawaƙi harshe ne. Mawaƙan wa'azi sun daɗe suna siffanta duniya da mafarki da inuwa da mayaudariya, kuma sun yi daidai, domin nufinsu ita mai gushewa ce, kada a sake da ita. Ba su taɓa nufin mai yunwa ya ƙudurta tuwo ya ƙoshi ba. Marubuci yana da 'yancin ya ƙagi duniyar da tunani yake gina birane a cikinta, mu karanta mu ji daɗi, muddin ya kira abinsa ƙage. Inda muke ja shi ne a ɗauko ƙagen a buga masa hatimin “kimiyya ta tabbatar”, a sayar wa wanda bai da halin bincikawa.

Ga waɗanda har yanzu suke kan bakansu, hanya a buɗe take, kuma ba ta bukatar kuɗi. A sami kwabo ɗaya da shaidu uku daga Sashen Fiziks ko na Lissafi. Mai da'awa ya rubuta tun kafin a fara wace fuska yake so ta rinjaya da kuma da nawa, a rufe takardar a ambulan. Wani dabam ya jefa kwabon sau 1,000 daga cikin gwangwani, shi kuwa ya zauna a gefe ya tattara duk tunanin da yake da shi. A maimaita sau uku a ranaku daban-daban, a rubuta duk abin da ya fito, har da zagayen da bai yi masa daɗi ba. Ina kyautata zaton editocin wannan mujalla ba za su hana shi shafi biyu a fitowa ta baɗi ba.